Kafin a ce daga Libiya ne, a juya gindin kwanson

Duk mai cin kasuwannin ƙauye a kudancin jahar Maraɗi, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, daga Madarunfa zuwa yankin Gidan Rumji, ya san abin da gari ke wayewa da shi bayan ƴan bindiga sun kwana suna ɓarin wuta. Shanu sun tafi, wani lokaci har da mai gida ko uwargida, abin da ya rage a ƙasa sai sawun babura da kwanson harsasai warwatse cikin rairayi. Kafin jandarmomi su iso, yara sun riga sun tsince su. Wasu su cika aljihu su yi ta busa su kamar usur, wasu kuma su kai wa mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ba su ƴan daloli.

Kwanan baya wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta kwance bakin zanenta ta nuna mana guda bakwai da ɗanta ya tsinto a bayan gidansu. Nan take gardama ta kaure a teburin mai shayi. Wani ya ce kayan Libiya ne, tun na Gaddafi. Wani ya rantse Faransa ce ke sauke su da jirgi cikin dare. Na uku ya ce a daina wahalar da kai, daga dazukan Zamfara da Katsina suke shigowa. An fi rabin awa ana musu, kowa na dukan tebur, amma babu ko mutum ɗaya da ya ɗauki kwanson ya juya gindinsa ya duba, alhali kuwa akwai rubutu a wurin.

Ba mu ce rubutun zai kashe gardamar baki ɗaya ba. Amma a ƙasar da aka rufe kasuwanni saboda tsaro, aka hana hawa babur a wasu yankuna, ƴan kasuwa suka daina bin wasu hanyoyi bayan la'asar, bai kamata tambayar inda harsashi ya fito ta zama hirar shan shayi kawai ba. Tambaya ce mai amsa, kuma rabin amsar na nan a jikin abin da yaranmu ke wasa da shi.

Kusan kowane kwanso yana da hatimi da aka buga masa a gindi tun a masana'anta, kewaye da ƴar ƙwayar nan ta tsakiya da allurar bindiga ke sara wuta ta tashi. Yawanci abu biyu ne: lamba ko haruffan da ke nuna masana'antar, da kuma lambobi biyu na ƙarshen shekarar da aka ƙera shi. Idan ka ga 539 a sama da 78 a ƙasa, a birnin Tula na Rasha aka yi shi, a 1978. Lamba 17 ta Barnaul ce, 3 ta Ulyanobsk, 270 ta Lugansk a ƙasar Yukiren, duk tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Lamba 10 ta Bulgeriya ce. 61 da 71 da 811 masana'antun ƙasar Sin ne. Haruffan PPU na Sabiya ne. Na Masar kuwa da rubutun Larabci suke zuwa, duk wanda ya yi makarantar allo zai iya karanta shekarar. Gicciye a cikin da'ira alama ce ta cewa an yi shi bisa ma'aunin ƙawancen NATO. Har maƙwabciyarmu Najeriya tana da nata, domin tun 1964 take da masana'antar kayan yaƙi a Kaduna. Wani lokacin lamba ɗaya ƙasa biyu ke amfani da ita, kamar 21 da Polan da Hangari suka yi tarayya a kanta, sai masani ya kalli yadda aka jera lambobin kafin ya rarrabe.

Tsawon kwanson ma magana yake yi. Gajeren nan na Kalashnikof, wanda ake rubuta wa 7.62x39, tsawonsa milimita 39 ne, kuma an tsara shi a 1943, kafin ma a ƙera bindigar da ta yi masa suna. Dogon kuma mai baki a gindi kamar faranti, 7.62x54, wanda bindiga mai jigida ke ci, tun 1891 Rashawa suka fito da shi, wato shekara takwas kafin Faransawa su ci Damagaram. Har yau ana ƙera shi, har yau yana kashe mutane a Tillaberi da Difa.

Akwai wani abin da masu sayen ƙarfe suka riga mu sani. Yawancin kwanson Kalashnikof na Rasha da Sin ba tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe ko wani fenti mai ruwan toka ko kore don kada ya yi tsatsa. A kusantar da maganaɗisu, sai ya manne. Ke nan a kan sikeli ba shi da wata daraja, cikin tiya guda ba zai sayi abincin rana ba. Darajarsa tana ga abin da aka rubuta a kansa, kuma wannan shi ne abin da wutar maƙeri ke fara cinyewa.

Su wa suka tattara wannan ilimi? Abin mamaki, ba gwamnatoci kaɗai ba ne. A Turai da Amurka akwai mutanen da tara tsofaffin harsasai shi ne abin sha'awarsu, kamar yadda wani ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Suna da ƙungiyoyi da mujallu, suna haɗuwa shekara-shekara suna musaya, mutum ya shafe shekara talatin yana jera kwanso cikin akwati yana rubuta asalin kowanne. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ƙasashen gabashin Turai suka wayi gari da rumbuna maƙare da harsasan da aka tanada don yaƙin da bai zo ba. Sai aka shiga sayar da rarar a kan araha, cikin gwangwanaye rufaffu kamar na kifi, gwangwani ɗaya na dogon harsashin nan yana ɗauke da guda 440. Wani kaso ya tafi shagunan Amurka, inda masu harbin nishaɗi da masu tarawa suka saya. Wani kason kuma ya biyo jiragen dillalai zuwa Laberiya da Saliyo da Angola da Kwango. Rumbu ɗaya, kasuwa biyu: can ana saka shi cikin gilashi ana kallo, nan ana tono shi daga jikin mutum. Harsashin da aka adana shi da kyau, ba zafi ba laima, yakan yi shekara arba'in ko hamsin ya tashi kamar na jiya, shi ya sa rarar wancan zamani ba ta ƙare ba.

To amma fa mu yi hattara. Matan da ke sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram sun fi kowa sanin cewa abin da aka rubuta a gefen turmi ba kullum yake gaskiya ba. Ana rubuta Holan a kan wadda ko hanyar Holan ba ta sani ba, sai mai ido ta murza ta, ta duba bayanta, ta ce wannan ta Sin ce. Haka yake a harkar harsashi. Masu tarawa sun daɗe da sanin wani harsashin ƙaramar bindigar Amurka mai hatimin LC 52, wato masana'antar Lake City ta gwamnatin Amurka, shekarar 1952. An ɗauki lokaci ana musu a kansa, domin na gaskiya yana nan, na jabu ma yana nan. Abin da ya tona asirin shi ne cikin kwanson: ramin da wuta ke bi ta isa ga albarushi ba irin na Amurkawa ba ne, kuma sinadarinsa na cinye bakin bindiga, abin da na asalin ba ya yi. Daga ƙarshe masana suka tsaya a kan cewa a Sin aka kwaikwaye shi.

Akwai kuma sauya buhu, wanda duk mai sayar da shinkafa ya san shi. A 2007 ma'aikatar tsaron Amurka ta ba wani ƙaramin kamfani mai suna AEY, na wani saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai, Efraim Diveroli, kwangilar kusan dala miliyon 300 don ya samo wa sojojin Afganistan harsasai. Sai ya nufi Albaniya, inda rumbuna ke cike da tsofaffin harsasan da Sin ta ba su shekaru da dama da suka wuce. Dokar Amurka ta hana sayen kayan yaƙin Sin, saboda haka aka ɗauki leburori suka riƙa fasa akwatunan katako masu rubutun Sinanci suna juye kayan cikin kwalaye. An sauya buhu, amma ba a iya goge gindin harsashi miliyoyi ɗaya bayan ɗaya ba. Asiri ya tonu a 2008, aka yanke wa saurayin ɗaurin shekara huɗu a 2011. Idan har za a iya yi wa Amurka wannan wasa da takardunta da masu bincikenta, sai a auna abin da ake yi a kan iyakar da ɗan duwan ɗaya ke tsaron kilomita hamsin.

Labarin da ya fi shafarmu kai tsaye ya faro ne daga arewacin Kenya a 2006. Wani mai bincike ɗan Ingila, James Bevan, yana zagaya rugagen makiyayan Turkana yana roƙonsu su zazzage masa harsasan da ke cikin bindigoginsu ya duba, sai ya riƙa cin karo da wani iri wanda babu shi a cikin kowane littafi. Kwanson tagulla ne mai kyau, aikin masana'anta sosai, amma ba lambar masana'anta ko ɗaya, daga girman harsashin sai shekara. Wanda ya ƙera shi bai so a san shi ba. Cikin shekarun da suka biyo baya sai irinsa ya riƙa ɓullowa wuri-wuri: a Yuganda, a Darfur, a hannun ƴan tawayen arewacin Kodebuwa, a Gini, a Kwango. Masana suka yi ta hasashe, wannan ya ce ƙasa kaza, wancan ya ce ƙasa kaza, kamar dai mutanenmu na teburin mai shayi, sai dai su suna ajiye hoto da awo na duk wanda suka samu.

Bakin zaren ya fito ne daga Legas. A watan Oktoba na 2010 jami'an tsaron Najeriya suka buɗe kwantena 13 a tashar jiragen ruwa ta Apapa, waɗanda takardunsu suka ce kayan gini ne. Bayan duwatsun daɓe sai ga rokoki da gurneti da harsasai. An yi lodinsu ne a Bandar Abbas ta ƙasar Iran, wadda tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ta fitar da makamai. Maganar ta yi girma har Gambiya da Senegal suka yanke hulɗa da Iran a wancan lokaci, kuma a 2013 wata kotu a Legas ta ɗaure wani ɗan Iran shekara biyar. Da masu binciken suka gwada harsasan cikin kwantenonin da waɗanda suka shekara shida suna bi, sai suka ga uwa ɗaya uba ɗaya ne, har da irin akwatin da koriyar ledar da ake ƙunshe su. A ƙarshen 2012 ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda shi Bevan ya kafa, ta fitar da rahoto cewa ta samu harsasan Iran a ƙasashen Afirka tara. Nijar na cikinsu, inda aka same su a hannun mayaƙan da ke da alaƙa da Alƙa'ida.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura. Bayan duk wannan wahala, masu binciken ba su ce Iran ce ta miƙa wa kowane ɗan tawaye harsashi hannu da hannu ba. Da yawa daga cikin harsasan an ƙera su ne tun kafin takunkumin, wasu gwamnatoci ne suka saya, daga rumbunansu kuma suka zurare. Hatimi yana faɗa maka gidan da aka haifi harsashi da shekarar haihuwarsa. Ba ya faɗa maka wanda ya yi masa rakiya zuwa Gabi. Wannan sai an bi takardun ciniki da lambobin da ke jikin akwati, sai kuma an tara kwanso da yawa daga wurare da yawa an ga inda iri ɗaya ke maimaituwa.

Mu dawo kan Libiya, wadda ta zama jakin da ake ɗora wa kowane kaya. Akwai gaskiya a maganar. Da rumbunan Gaddafi suka fashe a 2011, makamai sun kwararo ta Agadas da arewacin Mali, kuma a watan Yuni na wannan shekara sojojinmu sun yi arangama da wasu a yankin Arlit suka ƙwace fiye da kilo 600 na nakiya da aka ɗauko daga can. Babu mai musun wannan. Amma shekara nawa ke nan? Tun a 2016 masu bin sawun makaman Sahel suka rubuta cewa kwararar ta ragu, domin su kansu ƴan Libiya suna buƙatar kayan don yaƙin da suke yi da juna. Kuma hankali ma ya isa: kwanson da aka buga wa shekarar 2017 ko 2020 ba zai yiwu ya fito daga rumbun mutumin da aka kashe a watan Oktoba na 2011 ba. Wannan lissafi ko ɗan lakwal zai iya yin sa, in dai an bar masa kwanson ya gani.

Abin da bincike ke ta nunawa, wanda ba shi da daɗin ji, shi ne babban kaso na makamai da harsasan da ke hannun ƴan ta'adda da ƴan fashin daji daga rumbunan gwamnatocin yankin nan suka fito. Hanya ta farko ita ce ganima. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, mun rasa sojoji 71. A Shinagodar, ran 9 ga Janairu 2020, mun rasa 89, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka kai harin ba su koma hannu rabbana ba, sun kwashi motoci da bindigogi da akwatunan harsasai, har suka ɗauki hoto suna nunawa. Haka aka yi a barikoki da dama na Mali da Burkina Faso da arewa maso gabashin Najeriya. Harsashin da aka saya da kuɗin harajin mai ƙuli-ƙuli don a kare ta, shi ne ke iya dawowa bayan gidanta. Hanya ta biyu kuwa ta fi ciwo, wato ɓeran cikin gida. A Turkana abin da Bevan ya gano ke nan: harsasan da hukuma ke raba wa ƴan sintirin da ta ɗauka su ne ke ƙarewa a hannun ɓarayin shanu. A 2020 binciken makaman da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna ya sami na Libiya, ya sami na rumbun Kodebuwa, ya sami bindigogin farauta na Turkiyya da aka shigo da su ta Legas, ya kuma sami na jami'an tsaron Najeriya kansu. A 2025 rundunar sojan Najeriya da bakinta ta sanar da kama wasu sojoji da ƴan sanda da ke sayar wa abokan gaba harsasai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba mu tuhumi kowa a gidanmu ba, amma wanda ya ce irin wannan ba za ta taɓa faruwa a nan ba, sai ya nuna mana littafin da ake ƙirga harsasai a ciki.

Zancen Faransa fa? Sojojinta sun fice daga Nijar a Disamba 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, amma zargin cewa Turawa ne ke ba ƴan ta'adda makamai bai fice ba, kuma ba a teburin mai shayi kaɗai ake yin sa ba. Matsayinmu a nan mai sauƙi ne: zargi mai girma irin wannan ya cancanci hujja mai girma, hujjar kuwa tana zube a filin daga. A tattara, a ɗauki hoto, a baje a gaban ƴan jarida da masana, a ce ga lambar akwati, ga ƙasar da aka sayar wa. Mun san cewa ganin hatimin Bulgeriya ko Rumaniya ba ya wanke Turawan yamma, domin su ma a can suke sayen harsashin Kalashnikof idan za su ba wata runduna kyauta. Haka kuma ganin gicciyen NATO ba ya kama su, domin ƙasashe da yawa na ƙera irinsa. Sai an bi takarda. In zargin gaskiya ne, babu abin da zai ƙarfafa shi a idon duniya kamar wannan aiki. In kuma ba gaskiya ba ne, gara mu sani, mu daina kallon sama alhali ramin yana ƙarƙashin ƙafarmu.

Akwai ƙasar da ta gwada maganin ɓeran cikin gida. A 2003 Birazil ta yi dokar da ta wajabta cewa duk harsashin da za a sayar wa ƴan sanda ko sojoji sai an zana masa lambar rukuni a jikin kwanson kansa, ba a kan akwati kaɗai ba, a kuma rubuta rundunar da ta karɓa. A watan Agusta na 2011 aka harbe wata alƙaliya, Patrícia Acioli, a ƙofar gidanta kusa da birnin Rio. Kwanson da aka tsinta a wurin ya nuna rukunin da aka sayar wa ƴan sandan jahar, aka bi sawu, aka kama ƴan sandan da suka yi kisan har da shugaban bataliyarsu, kotu ta ɗaure su. A Maris 2018 kuma, da aka kashe ƴar majalisar birnin Rio, Marielle Franco, kwanson ya nuna rukunin da aka sayar wa ƴan sandan tarayya tun 2006. Sai dai a nan an yi sakaci, domin rukunin ya ƙunshi harsashi kusan miliyon biyu maimakon dubu goma da ƙa'ida ta ce, an kuma rarraba shi ko'ina cikin ƙasar, don haka sawun ya ɓace a tsakiya. Duk ƴar kasuwar da ke ba da bashi ta san wannan darasi: in ba ki rubuta wa kika ba da nawa ba, ranar biya sai rantsuwa.

Mu a nan ba daga sifili za mu fara ba. Tun 1994 muke da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, kuma manya ba su manta ranar 25 ga Satumba 2000 ba, da aka cinna wa bindigogi fiye da dubu wuta a Agadas don rufe babin tawaye. Amma bindiga ake ƙonawa a gaban kyamara, ita kuwa bindigar da ba harsashi sanda ce. Kalashnikof ɗaya na iya shekara arba'in a hannun mutane, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi, dole gobe a nemo wani. Ke nan igiyar da ta fi sauƙin yankewa ita ce ta harsashi, amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yarjejeniyar bin sawun ƙananan makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2005 ma ba ta saka harsashi ciki ba, sai a ƙarshen 2023 aka samar masa nasa tsarin. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ita ce ta tanadi a riƙa sa wa harsasai alamar rukuni da masana'anta da shekara. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, to wannan tanadi bai kamata ya bi ta ƙofar ya fita tare da ita ba. Ƙasashen AES uku sun zuba kuɗi masu yawa wajen sayen makamai daga Rasha da Turkiyya da Sin. Mai saye da yawa shi ke gindaya sharaɗi, kowane dillali ya san haka. A ce wa masana'anta: ba mu karɓar harsashin da ba a buga masa alamar ƙasarmu da lambar rukuni ba. A kuma rubuta barikin da kowane rukuni ya tafi.

Ku kuma ƴan kasuwa da iyayenmu mata, akwai naku rabon a ciki. Mai sayen ƙarfe da maƙerin da ke zuba tukwane, daga Katako ta Yamai har zuwa ƙauyukan kan iyaka, su sani cewa ba duk abin da ke cikin buhun yaro ne fanko ba. Harsashi mai rai ya faɗa cikin wuta fashewa yake yi, manyan kuwa da gurnetin da bai tashi ba sun sha hallaka masu tsintar ƙarfe a yankin tafkin Cadi, har gwamnatin Borno ta hana sana'ar a 2023 saboda rayukan da ake rasawa a daji. Kada kuma wani ya karanta labarin Turawa masu tarawa ya ce shi ma bari ya buɗe nasa akwatin: a dokar ƙasar nan ajiye harsashin yaƙi ba da izini ba laifi ne da ke kai mutum gidan kaso, ba a tambayar ko don sha'awa ka ajiye.

Sai maganar saƙo. A tashoshinmu al'ada ce a ce, Hajiya don Allah ki riƙe mini wannan, wani zai tare ki a Ƙonni ko a Jibiya. Masu safara sun gane cewa ba a cika zazzage kayan mace mai goyo ba, shi ya sa a ƴan shekarun nan jami'an Najeriya suka sha kama mata da harsasai a cikin buhun hatsi, cikin jarkar manja, ko ɗaure a jiki ƙarƙashin hijabi. Wasu sun san abin da suka ɗauko, wasu kuwa kuɗin mota kawai aka biya musu. A gaban alƙali bambancin yana da wuyar tabbatarwa. Harsashi yana da nauyi fiye da girmansa, ƙullin da bai kai tiya ba amma yana jan hannu kamar dutse, a ce wa mai shi ya kwance a gani, in ya ƙi a bar masa kayansa.

Mun tambayi mai ƙuli-ƙulin nan me ya hana ta kai guda bakwai ɗin wurin jandarmomi. Ta ce tsoro take ji, kada ta je kai shaida a mayar da ita mai laifi, a tsare ta kwana biyu ana tambayarta inda ta samu, kasuwa ta ci ba ita. Tsoronta ba na banza ba ne, kuma muddin yana nan kwanson zai ci gaba da tafiya wurin maƙeri. Abin da muke nema ga gwamnonin jahohi da hukumar CNCCAI shi ne su fito a rediyo su faɗa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci cewa wanda ya kawo fankon kwanso ba za a tsare shi ba, a kuma ba masu gari da hakimai ikon karɓa su rubuta rana da wurin da aka tsinta, su miƙa gaba. Ita dai ta sake ɗaure nata a bakin zane ta koma da su gida. Biyar daga ciki maganaɗisu ya kama su, biyu bai kama ba, kuma ɗaya daga cikin biyun nan shekararsa ba ta kai goma ba.